Yaya za mu kare 'yan sa-kai daga cin zarafi da wariya ba tare da mun juya wa masu ciwon daji baya ba?

Maman Hanifa ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ce nake kula da 'yan sa-kai a wata ƙaramar ƙungiyar agaji da ke tallafa wa masu fama da ciwon daji da iyalansu. Ba mu ba da magani. Aikinmu shi ne amsa waya, da raka marasa lafiya asibiti ranar da za a yi musu kemo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji) ko gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura), da kuma shirya zaman tattaunawa inda masu jinya ke haɗuwa su faɗi abin da ke damunsu. Kwamitin amintattu ya ɗora mini alhakin tsara rubutacciyar ƙa'ida kan cin zarafi da wariya, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin wannan fage kafin in kai musu komai.

Abubuwan da suka sa aka ga buƙatar ƙa'idar ba iri ɗaya ba ne. Akwai wani bawan Allah da ke kiran layinmu a kai a kai, idan mace ce ta ɗauka sai ya yi ta zagi da kalaman batsa, har wata yarinya mai ƙwazo ta ce ba za ta ƙara zama a kan waya ba. Akwai wata majinyaciya da ta ƙi yarda wata 'yar sa-kai ta raka ta asibiti saboda addininsu ba ɗaya ba ne, kuma a gaban idonta ta faɗa, da kalmomin da ba zan maimaita a nan ba. Sannan a zaman tattaunawa wata ta gaya wa mai sankarar bakin mahaifa cewa halinta ne ya jawo mata, tun daga ranar matar ba ta sake zuwa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk waɗanda suka aikata haka marasa lafiya ne, wasunsu ma likitoci sun riga sun gaya musu cewa ciwon ya yi nisa. Wasu a kwamitinmu suna cewa a yi haƙuri kawai, ai zafin ciwo ne. Wasu kuma suna cewa duk wanda ya ci mutuncin ɗan sa-kai a yanke hulɗa da shi nan take. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya daga ciki ba. A ina ya kamata a ja iyaka, kuma wane ne ya kamata ya ja ta?

Sista Rakiya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kula da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, don haka zan fara da ɓangaren da na sani, domin masu cewa zafin ciwo ne suna da gaskiya a wasu lokuta, kuma ya dace 'yan sa-kanku su iya gane waɗannan lokuta.

Akwai dalilai na jiki da kan sauya halin mai ciwon daji ba da son ransa ba. Magungunan siteroid, musamman dexamethasone da ake yawan bayarwa tare da kemo domin hana amai ko rage kumburi a ƙwaƙwalwa, suna iya hana barci, su kawo saurin fushi, wani lokaci har su sa mutum ya riƙa surutai da ɗaga murya kamar ba shi ba. Ƙari a ƙwaƙwalwa, ko wanda ya fara a can ko wanda ya bazu daga huhu ko mama, idan ya taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa yana iya cire wa mutum kunya da kamewa, sai dattijon da aka san shi da kawaici ya fara furta abin da bai taɓa furtawa ba. Haka kuma hauhawar sinadarin kalsiyam a jini, da kamuwa da ƙwayoyin cuta, da gazawar hanta ko ƙoda, da magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su morphine, duk suna iya jefa majinyaci cikin ruɗewar hankali. Alamar da nake so ku riƙe ita ce sauyi na gaggawa. Idan mutumin da kuka sani da ladabi ya birkice cikin kwana kaɗan, yana ruɗa sunaye, yana manta inda yake, yana kwana ido biyu, to wannan ba batun ladabtarwa ba ne. A sanar da iyalinsa su kai shi wurin likitocinsa a ranar, domin da yawa daga cikin waɗannan abubuwa ana iya magance su, kuma jinkiri yana da haɗari.

Amma mutumin da kika ambata, wanda ke zagi idan mace ta ɗauki waya, ina roƙonki ki bincika abu ɗaya: yaya yake magana idan namiji ne ya ɗauka? Idan yana gaisawa cikin natsuwa, yana tambayar abin da yake buƙata, to da alama hankalinsa yana jikinsa, kuma zaɓar wadda zai ci wa mutunci yake yi. Mai ruɗewar hankali yawanci ba ya tantance wanda zai zaga. Wannan bambanci ne da na ga yana warware gardama da yawa a tsakanin ma'aikata.

Akwai kuma fushin da ba na magani ba ne, ba kuma na raini ba, wato fushin mutumin da aka gaya wa labari mai nauyi, ya rasa inda zai sauke shi. Irin wannan yakan yi tsawa, ya la'anci ciwon, ya ce babu wanda ya damu da shi, ya ce ku ma ba ku tsinana masa komai ba. Sauraron wannan yana cikin aikinku, kuma ɗan sa-kan da ba zai iya jure shi ba yana buƙatar ƙarin horo ko wani aikin daban. Inda lamarin yake sauyawa shi ne lokacin da maganar ta bar ciwon ta koma kan mai sauraro, kan jinsinta, ko addininta, ko ƙabilarta, ko launin fatarta, ko jikinta. A nan ne nake ganin ya kamata kowace 'yar sa-kai ta san tana da izinin cewa, cikin murya mai sanyi, “Ina son in taimake ka, amma ba zan ci gaba da wannan hira ba idan ka ci gaba da yi mini irin wannan magana.” Idan ya maimaita, ta gaya masa za ta ajiye wayar, kuma ta ajiye. Kada a bar ta ta nemi izinin kowa a wannan lokaci, kada kuma a tuhume ta daga baya cewa ta gaza haƙuri.

Barista Auwal ya amsa:

Hajiya, bayanin Sista ya wadatar a ɓangaren lafiya, ni kuma zan taɓo tsari. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ku nemi lauya a inda ƙungiyarku take ya duba muku daftarin, amma akwai ma'aunai da za su taimaka wajen rubuta shi.

A watan Yuni na 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da Yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Abu biyu a cikinta sun shafe ku kai tsaye. Ta ambaci 'yan sa-kai a jerin waɗanda ya wajaba a kare, don haka rashin albashi ba ya rage wa mutum haƙƙinsa na a mutunta shi. Sannan ta auna cin zarafi da cutarwar da ya haifar ko yake iya haifarwa, ko sau ɗaya ya faru ko sau da yawa, ba da niyyar mai aikatawa kaɗai ba. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin mafi yawan muhawarar da kan ɓarke a kwamitoci a kan niyya ce: wani ya ce ai ba haka yake nufi ba, wani ya ce haka yake nufi, a tashi ba a tsayar da komai ba, ita kuwa wadda aka ci wa mutunci tana gefe tana jira.

Game da ko za a iya dakatar da majinyaci, ba ku ne na farko da kuka fuskanci tambayar ba. A Ingila, tun daga watan Afrilu na 2020, an bai wa cibiyoyin hukumar lafiya ta ƙasa damar ƙin ba da kulawar da ba ta gaggawa ba ga wanda ke tsangwamar ma'aikata ko nuna musu wariya, alhali kafin nan an fi mayar da hankali ga duka da barazana. Ku lura da sharaɗin: kulawar gaggawa ba ta shiga ciki. Idan asibiti, wanda rai ke hannunsa, yana iya sa iyaka, ƙungiyar da ke amsa waya da rakiya ta fi samun sarari. Duk da haka ba na goyon bayan yanke hulɗa a karon farko, sai idan an kai ga duka, ko barazanar kisa, ko taɓa jikin mutum ba da yardarsa ba, waɗanda su kam batu ne na 'yan sanda. A sauran lamura a bi mataki-mataki. Shugaba, ba 'yar sa-kan da abin ya shafa ba, shi ne zai kira mutumin ya gaya masa ainihin kalmomin da ya furta da dalilin da ya sa ba za a karɓe su ba. Idan ya sake, a rubuta masa gargaɗi. Idan ya ƙara, a taƙaita hanyar hulɗa, misali ya riƙa magana da ma'aikaci ɗaya tak a lokacin da aka tsayar, ko ta rubutu kawai. Dakatarwa ita ce ta ƙarshe, a sa mata wa'adi, a gaya masa inda zai samu taimako a wani wurin, a kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara ga wanda ba shi ne ya yanke hukuncin farko ba.

Ku rubuta kowane abu da ya faru a ranar da ya faru, da kwanan wata da ainihin kalmomin, ku adana a inda mutane ƙalilan ne za su gani, domin bayanan lafiyar mutum amana ce ko da ya yi laifi. Ba don tara hujja a kan majinyaci kaɗai ake yin haka ba. Idan babu rubutu, 'yan sa-kai biyar za su iya shan zagi daga mutum ɗaya, kowace tana zaton ita kaɗai ce.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan tambayarki, Hajiya, kuma ina fatan ba za ki ji haushi ba. Duk misalan da kika kawo na marasa lafiya ne. Ƙa'idar da ta tsaya a kan masu neman taimako, ta tsallake ma'aikata da amintattu da masu ba da gudummawa, ta kama mafi rauni ne ta saki mafi ƙarfi. Abin da ya faru da Oxfam, babbar ƙungiyar agaji ta Birtaniya, ya isa darasi: a 2018 aka fallasa yadda wasu ma'aikatanta suka yi lalata a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, kuma rahoton da hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta fitar a 2019 ya soki yadda ƙungiyar ta tafiyar da lamarin. Kyakkyawar manufa ba ta hana mutanen cikin gida yin ɓarna, sau da yawa ma ita ce ke sa a yi shiru domin kada sunan ƙungiya ya ɓaci.

Inna Talatu ta amsa:

Ni ba ma'aikaciya ba ce, majinyaciya ce. An cire mini mama ɗaya, na sha kemo, kuma zaman tattaunawa irin naku ya riƙe ni a lokacin da ba na iya gaya wa 'ya'yana abin da nake ji. Na karanta abin da Sista da Barista suka rubuta, na yarda da mafi yawansa, sai dai ina so in yi magana a kan abu biyu da nake tsoron a yi kuskure a kansu.

'Yata Maman Hanifa, kada ku haɗa kowace buƙata ta canza ɗan rakiya da wariya. Bayan tiyata ban so namiji ya raka ni ɗakin da za a buɗe ƙirjina a duba ɗinki ba, kuma da wani ya kira wannan wariya da ya zalunce ni. Mai neman wanda yake jin yarensa domin ya fahimci bayanin likita, ko macen da aka taɓa yi wa fyaɗe take tsoron keɓewa da namiji a mota, duk suna neman abin da zai kare su ne. Wadda ta ce ba ta son wance saboda addininta, ta kuma faɗa mata a fuska da kalmomin ƙasƙanci, ita ba kariya take nema ba, tana ganin ɗayar ba ta kai ta zauna kusa da ita ba ne. A tambayi mutum dalilinsa cikin ladabi, dalilin zai nuna ko wane iri ne. Kuma idan ya tabbata raini ne, ina ganin bai kamata ku yi saurin aika mata wata ba kamar ba abin da ya faru, domin yin haka gaya wa 'yar sa-kan ne cewa ƙungiya ta yarda da hukuncin da aka yanke mata. A gaya wa majinyaciyar cewa ba a raba 'yan rakiya bisa addini ko ƙabila, a kuma tambayi yarinyar ko tana son ci gaba ko a sauya mata. Zaɓin ya zama nata.

Abu na biyu shi ne matar da ta daina zuwa, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin a cikin duka labaran ita ce kaɗai aka rasa. Maganar da aka gaya mata zalunci ce kuma jahilci ce. Kusan dukkan sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV take, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan duk wanda ya taɓa kusantar abokin zama zai kamu da wannan ƙwaya a wani lokaci na rayuwarsa, yawanci ba tare da ya sani ba. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. A 2022 mata kusan 660,000 ne aka gano suna da wannan ciwo a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma kunya tana cikin abubuwan da ke hana mata zuwa gwaji da wuri. Irin wannan zargi ba ga su kaɗai ya tsaya ba. Mai sankarar huhu, tambayar farko da ake yi masa ita ce ko yana shan taba, kamar amsar ce za ta nuna ko ya cancanci tausayi, alhali akwai masu kamuwa da ba su taɓa sha ba. Namiji mai sankarar mama, wanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu ciwon ba, yakan sha dariya a wurin da ya zo neman sauƙi. Akwai kuma waɗanda ake matsawa daga kusa da su saboda warin gyambo ko jakar bahaya da aka maƙala musu a ciki, ko da yake ciwon daji ba ya yaɗuwa ta zama tare.

Wanda ke jagorantar zaman shi ne ya kamata ya tsayar da maganar a take, a gaban kowa, ba tare da ya wulaƙanta mai faɗar ba, ya gyara bayanin, sannan ya nemi wadda aka yi wa kafin ta bar wurin. Shirun da aka yi a ɗakin ya fi maganar ciwo, na san haka domin na zauna a irin wannan ɗaki. Ina roƙonki ki kira ta da kanki. Kada ki roƙe ta ta dawo, ki dai gaya mata cewa abin da aka faɗa ƙarya ne, kuma ƙungiya ta yi kuskure da ba ta tsaya mata ba.

Maman Hanifa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya, Inna. Zan kira ta, kuma zan sa a riƙa karanta ƙa'idojin zama a farkon kowane taro, ciki har da hana ɗora wa kowa laifin ciwonsa. Sista, na tambayi mazan da ke amsa waya, sun tabbatar cewa mutumin yana yi musu magana cikin mutunci, don haka za mu bi matakan da Barista ya zayyana.

Barista, ƙorafinka ya faɗa a kan gaɓa. Akwai wani daga cikin manyan masu ba mu gudummawa, wanda kuma yake cikin kwamitin amintattu, da 'yan mata biyu suka gaya mini a ɓoye cewa yana yi musu kalaman da ba su dace ba, yana kuma kiransu da dare. Sun roƙe ni kada in ambaci sunayensu. Kwamitin da zan kai wa ƙa'idar yana zaune a cikinsa, kuma kuɗinsa ne ke biyan kaso mai yawa na motar da ke kai marasa lafiya asibiti. Yaya zan yi da wannan?

Barista Auwal ya sake amsawa:

Hajiya, wannan ya fi duk sauran gaggawa, kuma kada ki jira sai an amince da ƙa'ida kafin ki motsa. Tun yau ki janye 'yan matan daga duk aikin da zai haɗa su da shi, ba tare da an rage musu matsayi ba, ki kuma tabbatar ba ya samun lambobin wayar 'yan sa-kai ko na marasa lafiya daga ofis. Ki shawarce su su adana saƙonni da tarihin kiran da ya yi musu, kowace ta rubuta abin da ya faru da hannunta, daban da ɗayar. Ki gaya musu gaskiya cewa za ki ɓoye sunayensu iyakar iyawarki, amma ba za ki iya alƙawarin binne maganar ba, tunda akwai wasu matan da yake iya kaiwa gare su. Idan ɗaya daga cikinsu ba ta kai shekara 18 ba, ko kuma ya taɓa jikin wata, lamarin ya wuce ƙungiya, sai hukuma.

Ki kai maganar ga shugaban kwamitin shi kaɗai, a rubuce. Idan shugaban amininsa ne, ki zaɓi amintattu biyu da ba su da alaƙa da shi, ki nemi a ɗauko mai bincike daga waje, shi kuma ya janye daga duk zaman da za a tattauna batun ko ƙa'idar har sai an kammala. Yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma mutunta wannan haƙƙi zai ƙarfafa duk hukuncin da za a yanke. Idan kwamitin ya ƙi ɗaukar mataki, hukumar da ta yi wa ƙungiyarku rajista ita ce ƙofa ta gaba. A cikin daftarin kuma ki sa sashe da ya hana ramuwar gayya a kan mai ƙorafi, da wata hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun mutum ɗaya ba.

Batun motar gaskiya ne, kuma zai iya janye kuɗinsa. Ki nemi ma'aji ya fitar da ainihin abin da motar ke ci a wata, ku fara tuntuɓar wasu masu tallafi tun yanzu, domin ranar da kwamitin zai zauna kada tsoron tsayawar motar ya zama shi ne zai yanke hukunci.